Kurakuran da 'yan fansho ke tafkawa a kan harajin shekara

Duk shekara abu ɗaya nake gani. Dattijo zai tare ni bayan la'asar, ko a layin tantance 'yan fansho, ya zaro takarda a ninke huɗu daga aljihun babbar riga, ya ce, "Malam, duba min wannan, wai daga hukumar haraji take." In na duba kwanan watan da ke jikinta sai in tarar ta kwana sittin ko casa'in a aljihunsa. Na gaji da yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ni ba akanta ba ne. Aikin gwamnati na yi shekara 35 na ajiye, kuma mafi yawan abin da zan faɗa sai da ya ci min kuɗi kafin na san shi.

Babban kuskuren, wanda ya haifi sauran, shi ne ɗaukar cewa ranar da albashi ya tsaya, ranar aka rabu da haraji. Na san inda tunanin ya samo asali. Lokacin da muke aiki ba mu taɓa cike fom ba, ofishin albashi ne ke cire harajin wata-wata, ya aika bayanan ma'aikata kafin 31 ga Janairu. Ga kuma waɗanda suka ga 1979 da idonsu, lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Har gobe akwai mai ce maka, "Ai Rimi ya kashe haraji." Wanda aka kashe shi ne na kai, wanda dagatai da masu unguwanni ke tarawa gida-gida. Harajin kuɗin shiga yana nan daram.

Gaskiya ne ba a taɓa fansho. Dokar fansho ta 2014 ta keɓe shi, sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ita ma ta bar fansho da garatuti a waje. To amma mutum nawa ne fansho kaɗai ke riƙe da su? Da garatuti aka gina shaguna, aka sayi gida aka zuba 'yan haya, aka sa mota a hanya, aka buɗe kemis ko makarantar kuɗi. Duk wannan kuɗin shiga ne, kuma yanzu babu ofishin albashin da zai tsaya maka. Kai ne za ka cike fom, ka bayyana abin da ka samu a shekarar da ta wuce, ka miƙa kafin 31 ga Maris.

Shekara huɗu na yi ban leƙa ofishin haraji ba, alhali ina karɓar hayar shaguna uku. Ranar da na tashi mayar da takardar wani fili zuwa sunan babbar 'yata aka ce sai na kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Na je nema, aka buɗe fayil ɗina, aka ga shiru tun ranar da na yi ritaya. Wanda bai faɗi abin da ya samu ba, doka ta ba hukuma dama ta kintata masa. Aka kintata min, aka aiko da takarda, adadin da ke ciki ya ninka abin da ya kamata in biya. Raina ya ɓaci, na jefa ta a durowa, na ce sai na nemo wani tsohon abokin aiki ya yi min magana. Kafin in same shi wata biyu sun wuce. Ashe kwana 30 kacal doka ta ba mutum ya yi ƙorafi a rubuce, in sun wuce adadin ya zauna. Na biya kashi-kashi, har da kuɗin da na ware don aikin idon uwargidana, aikin da ya koma sai bayan wata bakwai. Wannan jinkirin har yau yana min ciwo.

Saboda haka, Alhaji, ka daina ajiye takardar hukuma a aljihu kamar katin ɗaurin aure. Ka daina cewa "akwai yarona a can". Yaronka ba zai iya mayar da kwana 30 baya ba. Ranar da ta zo, ranar za ka rubuta kwanan wata a bayanta. Cikin mako guda ka rubuta ƙorafi, ka faɗi ainihin abin da ka samu, ka haɗa da yarjejeniyar haya da bayanan asusun banki, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka dawo da shi gida. In ba a daidaita ba akwai kotun ɗaukaka ƙara ta haraji: ta arewa maso yamma tana Kaduna, ta arewa maso gabas tana Bauchi, ta arewa ta tsakiya tana Jos. Kuma ka sani rashin miƙa fom yanzu ba abin wasa ba ne, sabuwar doka ta sa tarar naira 100,000 a watan farko, 50,000 a kowane watan da ya biyo baya. Ni ko wanda fansho kaɗai gare shi ina ce masa ya cike ya rubuta hakan, don kada fayil ɗinsa ya mutu. Wasu na ganin wahalar banza ce. Ni dai na ga abin da mataccen fayil ya jawo min.

Kuskure na biyu da ya ƙona ni shi ne na kashi goma. In kamfani ko ma'aikatar gwamnati ce ke haya a wurinka, za ta cire kashi 10 cikin ɗari na kuɗin hayar kafin ta biya ka, ta ce na haraji ne. Ba ƙarya ta yi ba, doka ce ta ɗora mata. Amma kuɗin nan ba ɓata ya yi ba, harajinka ne aka biya tun kafin lokaci, kuma wajibi ne a ba ka shaidar an kai shi da sunanka. Wani kamfani ya zauna a shagona shekara uku yana cirewa, ban taɓa neman ko da guntun rasit ba. Da rikicina ya taso na je neman su, na tarar sun tattara sun bar garin. Babu shaida, babu ragi. Na biya haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya.

Ku duba lissafin da sabon tsari. A ce hayar shekara naira miliyan 2 ce, kuma ban da fansho ita kaɗai ce gare ka. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Ragowar miliyan 1.2 ana cire kashi 15, ya kama 180,000. Kamfani kuwa ya riga ya cire 200,000. Ke nan mai rasit a hannu ba a bin sa ko kwabo, shi ne ma ke da rarar 20,000, tun kafin ya cire abin da ya kashe a gyaran rufi da fenti. Marar rasit kuwa sai ya sake lalubo 180,000. Ni yanzu a cikin yarjejeniyar haya nake rubutawa: babu sabuntawa sai an kawo shaidar bara.

Sai masu miƙa kuɗi ga ɗan kamasho a bakin ƙofar ofis don ya "fito da takarda". Haba Alhaji! Mutumin da ya riƙe sashe guda na ma'aikata, shi ne zai ba wanda bai san gidansa ba dubu ɗari a leda? Takardar da zai kawo maka ko dai ta bogi ce, ko kuma an biya ɗan abu kaɗan an cinye sauran. Ranar da aka duba lambarta a kwamfuta sunanka ne a jiki, ba nasa ba. A biya ta banki ko ta shafin hukumar, cikin asusun gwamnati, a karɓi rasit. In idanu sun yi rauni ko gwiwa ba ta hawa bene, a tafi da ɗa ko jika, amma kai za ka sa hannu bayan an karanta maka.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata lokaci. Harajin mutum ɗaya na jihar da yake zaune ne, ba jiharsa ta asali ba, ba kuma hukumar tarayya ba, wadda aka sauya wa suna daga FIRS zuwa NRS. Mazauna Abuja suna da tasu hukumar daban. Lambar NIN ita ce yanzu lambar harajin mutum, don haka in kai Muhammadu ne a can, Mohammed a banki, Mamman a takardar fansho, ka gyara tun kafin Maris. Tsohon rangwamen nan na naira 200,000 da kashi 20, wanda ake ragewa daga kuɗin shiga kafin a lissafa haraji, an soke shi, kada ka ƙara lissafi da shi. Abin da ya shigo shi ne rangwame ga mai zaman haya, kashi 20 na hayar da yake biya, iyakarsa 500,000, mai zaune a gidansa ba ya ciki. Ribar da kamfani ke rabawa masu hannun jari an riga an cire mata kashi 10, a rubuta ta a fom amma ba a sake biya. Zakka haƙƙin Allah ce, hukuma ba ta lissafa ta a matsayin harajin da aka biya.

Abin da 'ya'ya ke turowa na cefane kyauta ce, babu haraji a kanta. Amma Hajiya, in kin haɗa shi da cinikin atamfa da kuɗin adashi a asusu ɗaya, ranar da aka nemi bayani ke ce za ki sha wahalar rarrabewa. Ni asusu uku gare ni: na fansho, na haya, na gida.

Takardu kuma a riƙe su shekara shida, don hukuma na iya waiwayar baya har tsawon haka. Nawa suna cikin koren fayil a saman kabad, kowace shekara da ambulan ɗinta. Mako na biyu na Fabrairu nake zama da ɗana na uku mu cike fom, mu kai kafin cunkoson ƙarshen Maris. Shi da mahaifiyarsa duk sun san inda fayil ɗin yake, sun kuma san wane ɗan haya ne bai kawo shaidar bara ba tukuna.