Tawula a fada: kurakuran da ke jawo gardama da yadda za a gyara su

A fadojin Damagaram, daga Birni har Zango, dara da lido da karta aka saba bugawa ana jiran shayi. Tawula, wato bakgamon, baƙuwa ce a cikinsu. Wani ya koyo ta a zamansa na Libiya ko Masar, wani a waya ya iya ta, kuma kowa na rantsuwa cewa dokarsa ce ta asali. Ni ban ga aibin dokar gida ba, har tana ƙara wa wasa armashi. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a fito da ita bayan an riga an jefa ƙwaya.

Wadda aka fi tayar da jijiyar wuya a kanta ita ce dokar biyar: wai ba a tara ƴaƴa fiye da biyar a gida ɗaya. A ƙa'idar da ake bi a gasa babu wannan. Gidaje 24 ne a allo, kowa na da ƴaƴa 15, kuma in ka ga dama ka jibge bakwai ko takwas wuri guda. Mai yiwuwa jerin farko ne ke ruɗa mutane, tunda biyar-biyar ake sawa a gida na 6 da na 13, uku a na 8, biyu a na 24. In fadarku na son dokar, ku yi ta, amma ku san tana tilasta wa mutum barin ɗa shi kaɗai a fili, a kashe shi ba da son ransa ba. Tambaya ɗaya kafin a fara ta isa: "Yaya, da dokar biyar za mu yi ko babu?"

Haka jifar farko. A gasa kowa na jefa ƙwaya ɗaya, wanda ya fi ya taka lambobin biyu da suka fito. A Turkiyya kuwa wanda ya fi yakan kwashe ƙwayoyin ya sake jifa. Ku zaɓi ɗaya.

Akwai kuma abin da mutane ke kira dokar gida alhali rashin sani ne kawai. Dole ka taka lambobi biyun da suka fito muddin da hanya; ba a cewa "na yafe wannan". In 6 da 3 suka fito, kuma kowacce za ta iya takuwa amma ba duka biyun ba, 6 za ka taka. Wanda aka kashe wa ɗa ba ya taɓa komai sai ɗan ya shigo, ko da abokin wasa ya rufe biyar cikin gidajensa shida na ƙarshe, inda jifa 11 kacal cikin 36 ke ba da hanya. Wajen kwashe ƴaƴa daga allo a ƙarshen wasa ma ana yawan zamewa: in 4 ta fito ba ka da kowa a gida na 4, amma kana da ɗa a na 6, wancan za ka matsar, ba ka da ikon cire na gida na 3. Sai in babu kowa a sama ne babbar lamba ke fitar da na ƙasa. Duk wanda ya sassauta waɗannan, ranar da ya zauna da gwani ko ya shiga wasa a intanet zai sha mamaki.

Kashe-ka-gudu ita ce ta fi cancantar a zauna a kanta. A wasu majalisun Turkiyya da Iran, in ka kashe ɗan abokin wasa a cikin gidajenka shida na ƙarshe, ba a yarda ka gudu da ɗan da ya yi kisan a wannan jifar ba. Ko ka rufe shi da wani, ko ka bar shi nan ya jira ramuwa. A ƙa'idar gasa gudun halal ne. Ina son wannan doka don tana sa mutum ya auna kafin ya kai hannu, amma tana canza lissafin wasan baki ɗaya, saboda haka mugun abu ne a tuna da ita sai bayan an kashe maka ɗa.

Sai maki. Wanda aka gama bai fitar da ko ɗa ɗaya ba, an ci shi biyu. In har yana da ɗa a katangar tsakiya, inda ake ajiye ɗan da aka kashe, ko a gidajen ƙarshe na abokin wasa, gasa na lissafa uku, yayin da masu bin salon Turkiyya ke tsayawa a biyu. Ƙwayar ninki mai 2, 4, 8, 16, 32 da 64, wadda ake ninka makin wasa da ita, a New York ta Amurka ta ɓullo a shekarun 1920, kuma wanda ya koyi wasan a gidan shayin Alƙahira galibi bai saba da ita ba. In za ku sa ta, kada ku cakuɗa dokokinta. Ta Jacoby, wadda ta ce ci biyu ba ya aiki sai an taɓa ninkawa, ta wasa ɗai-ɗai ce. Ta Crawford kuwa ta zagaye mai iyaka ce: in ana zuwa 7 wani ya kai 6, wasan da ke biye ba a ninki. Wasu kan ninka kai tsaye idan lamba iri ɗaya ta fito wa duka biyun a jifar farko. Ku ƙayyade shi sau ɗaya, in ba haka ba wasa guda zai haɗiye zagayen.

Kuma ku bar lissafin nan a maki. Da zarar dala ta hau allo ya zama caca, kuma ƙwayar ninki kan mayar da ɗan ƙaramin kuɗi bashin da zai raba abokai.

Mahbusa, inda ake danne ɗan abokin wasa maimakon a kashe shi, wasa ne daban a kan allo ɗaya, jerin farkonsa ma daban ne, don haka kada a ɗebo dokarsa a zuba nan. Abin da kuka amince a kai, babban fada ya sa a rubuta a takarda a liƙa cikin murfin allon, har da hukuncin ƙwayar da ta faɗi ƙasa ko ta hau kan ɗa ta karkace: duka biyun ake sake jefawa.