Darasi na Bakwai: Auna Tashin Farashin Kayan Gini

Mai gini a Garwa ko Marwa ya san wannan: ka tara kuɗin ɗaki ɗaya, ka je kasuwa bayan wata shida, sai ka tarar kuɗin ba su kai ba. Kowa zai ce maka "kaya sun yi tsada", amma da nawa suka ƙaru? Abin da za mu koya ke nan.

Ku nemi littafi guda, ku keɓe shi don wannan aiki. A shafin farko ku rubuta kayan da ɗaki ɗaya zai ci, kuma kada ku sake canza adadin. Ga misali, da farashin da muka ƙaga don koyo kawai. Bara, siminti buhu 20 a kan sefa 5,000 ya kama 100,000. Kwano 15 a kan 4,000 ya kama 60,000. Rodi 10 a kan 3,000 ya kama 30,000. Yashi tifa ɗaya 10,000. Jimla 200,000. Bana siminti ya koma 5,500, kwano 4,400, rodi yana nan yadda yake, yashi ya kai 14,000. Jimla 220,000.

Ku cire tsohuwar jimla daga sabuwa, saura 20,000. Ku raba da 200,000, ku ninka sau 100. Amsa ita ce 10, wato kuɗin ɗakin ya ƙaru da kashi 10 cikin 100.

Ku lura da yashi. Shi ne ya fi tashi, har kashi 40 cikin 100, kuma shi mutane za su fi yi wa surutu, amma sefa 4,000 kawai ya ƙara muku. Siminti da ya hau da kashi 10 ya ci 10,000, domin shi ake saye da yawa. Saboda haka ba a auna tsadar gini da abu ɗaya.

Inda ake yawan ruɗuwa shi ne ingancin kaya. Buhun siminti kilo 50 ne, wannan da sauƙi. Kwano kuwa akwai mai kauri, akwai wanda za ka lanƙwasa da yatsu biyu. Idan bara kun sayi rodi mai lamba 10, bana aka ba ku mai lamba 8, wanda ya fi siranta, a kuɗi ɗaya, farashi ya tashi ke nan, ba a dai faɗa muku ba. Ku rubuta lamba da kauri, da girman tifa, da ko kuɗin dako yana ciki.

Ku sa kwanan wata da sunan gari ma. Da damina kogin Binuwai kan cika, yashi ya yi wuyar ɗiba, don haka farashin Agusta da na Agustan bara ake gwada shi. Garin Figil, inda ake yin siminti, yana kusa da mu, amma kayan da ke zuwa daga Duwala sai jirgin ƙasa ya sauke su a Ngawundare, manyan motoci su ƙarasa da su arewa, kuma kuɗin mai yana shiga farashinsu. Dattawa suna tuna Janairun 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi.

Aikin gida: kowa ya tambayi farashin kayan nan huɗu a shaguna biyu, ya kawo jimlarsa ranar darasi mai zuwa.