Yadda za ka ci ɗan abin taɓawa a filin jirgin sama ba tare da jirgi ya tafi ya bar ka ba

Idan yunwa ta kama ka a filin jirgin sama, kada ka tsaya sayen komai sai ka tsallake wurin binciken jami'an tsaro, domin layin nan ba wanda ya san tsawon lokacin da zai ci maka. Bayan ka wuce, nemi ƙofar da za ka shiga jirgi ka gan ta da idonka, sannan ka zaɓi wurin cin abinci mafi kusa da ita.

Lokacin da ya kamata ka riƙe a ranka shi ne na rufe ƙofa, ba na tashin jirgi ba. Yawancin kamfanoni suna fara ɗibar fasinjoji minti 30 zuwa 45 kafin tashi, su rufe ƙofa saura minti 15 ko 20. Saboda haka wanda yake ganin yana da awa guda, a gaskiya abin da ya rage masa bai wuce minti 40 zuwa 45 ba. Idan haka ne, ka bar abincin da sai an dafa maka, ka ɗauki wanda aka riga aka naɗe, ka koma kusa da ƙofa ka ci, kana duba allon sanarwa, don akan sauya ƙofa ba zato.

Zaɓin abin da za a ci shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Matsin iskar cikin jirgi yakan yi daidai da na wurin da ya kai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma a irin wannan yanayi iskar da ke cikin hanjin mutum tana ƙara buɗewa. Wannan ne ya sa wake da kabeji da lemo mai gas, waɗanda a ƙasa ba su cika damun mutum ba, suke jawo kumburin ciki a sama. Soyayyen abu mai maiƙo yana daɗewa bai narke ba, mai gishiri da yawa kuma yana ƙara ƙishirwa a wurin da iskarsa ta riga ta bushe. A ganina ayaba, ko burodi da ɗan nama, ko biskit marar zaƙi sosai sun wadatar. Abu mai ƙarfin wari kuwa, ko da kana sonsa, ka tuna da wanda zai zauna kusa da kai.

Game da ruwa, tun shekarar 2006 filayen jirage da dama ba sa barin a wuce wurin bincike da abu mai ruwa a mazubin da ya haura mililita 100, kuma yogot da zuma da miya duk suna cikin wannan hukunci, ko da yake ana sassautawa ga abincin jarirai da magani. Wasu filayen da suka sami sababbin na'urorin bincike sun sassauta dokar, amma kada ka dogara da hakan. Ka riƙe gora babu komai a ciki, ka cika ta bayan ka wuce.

Idan ƙasar waje za ka, ka cinye 'ya'yan itace da naman da ka saya kafin ka sauka. Ƙasashe irin su Amurka da Ostireliya suna da tsauraran dokoki kan shigo da su, kuma tuffa guda da aka manta a jaka ba a bayyana ta ba tana iya jawo tara.