Masu haɗa bayanan ƙwayoyin halitta na kansa, ga inda ake yawan tafka kuskure

'Yan uwa ɗalibai masu bincike a nan Legas, musamman na wajen Idi-Araba da Yaba, na ga yanzu kowa ya koma GEO da TCGA, wato rumbunan bayanan ƙwayoyin halitta da ke intanet, yana sauke bayanai kyauta don gano ƙwayoyin halittar da kansar mama da ta hanta da ta hanji suka yi tarayya a kansu, kuma wallahi abin ya yi kyau tunda laftof da data kawai kake buƙata, amma akwai kurakuran da ke ɓata aikin tun daga tushe.

Babbansu shi ne zuba komai a tukunya ɗaya. Mutum ya ɗauko binciken da aka yi da Affymetrix (tsohuwar fasahar auna aikin ƙwayoyin halitta) shekaru da yawa baya ya gauraya da na RNA-seq (sabuwar fasahar), sai ya ga bambanci ya ɗauka na cutar ne alhali na injin ne da ɗakin gwajin. Ka zana PCA tukuna, wato zanen da ke nuna samfuran da suka yi kama da juna kusa-kusa, in ka ga samfura sun taru bisa inda suka fito maimakon mai ciwo gefe mai lafiya gefe, to da sauran aiki. ComBat, hanyar lissafi ta rage bambancin inji da ɗakin gwaji, yana taimakawa, amma in duk masu kansar daga bincike ɗaya suke, masu lafiyar kuma daga wani, ba abin da zai raba maka bambancin cuta da na inji. Ni dai na fi yarda ka bi kowane bincike shi kaɗai da manhajar tantance bambanci ta limma ko DESeq2, daga baya ka haɗa sakamakon.

Sai maganar p na 0.05, wato iyakar da ake sa wa don cewa bambanci ba dace kawai ba ne, ƙwayoyin halitta wajen 20,000 kake gwadawa lokaci guda, ko babu komai kusan 1,000 za su fito haka kawai, dole ka sa gyaran Benjamini-Hochberg, wato lissafin da ke rage irin waɗannan sakamakon na ƙarya. Kuma don Allah a guji Excel, yana mayar da sunayen ƙwayoyin halitta irin su SEPT2 da MARCH1 kwanan wata, har sai da aka canza musu suna a 2020. A duba lambobin samfur ma, majinyaci ɗaya yakan fito a bincike biyu.

Wanda ya fi damuna shi ne mutum ya ga ƙwayoyin halittar MKI67 da TOP2A sun tashi a kowace kansa ya fara murna ya gano sirri, alhali waɗannan alamar rabuwar ƙwayoyin jiki ce da sauri, kusan kowane ƙari yana da su, ba hujja ba ce cewa su suka haddasa ciwon. Sannan yawancin majinyatan TCGA Turawa ne, kafin ka ce sakamakonka ya shafi matanmu da ke zuwa asibiti da ciwon mama, nemi bayanan da aka tara daga 'yan Najeriya ka gwada jerin ƙwayoyin halittar da ka gano a kansu.