Yadda ake bin aikatau a nazarin Littafi Mai Tsarki

Yawancin masu fara jagorantar nazari a majami'unmu na Damagaram sunaye suke kamawa, su bar aikatau, shi ya sa bayaninsu ke yawo. Ɗauki aya biyu ko uku kawai, ka kwafe su da hannu a kaye, ka ja layi da jan bik ƙarƙashin kowane aikatau. Kaye da bik ba su da tsada a Kasuwar Dole. Kada ka zana a jikin Littafin, takardarsa ba ta da kauri, tawada tana ɓullowa ta baya.

Sai ka tambayi kowane aikatau: wa ya yi, a kan wa aikin ya faɗa, wa ya karɓa? Kowane aikatau da yawan gurabensa. Barci gurbi ɗaya ne, mai barcin. Bayarwa uku ce: mai bayarwa, abin da aka bayar, da mai karɓa.

Inda ƴan'uwa ke tuntuɓe shi ne gurbin da aya ta bari a buɗe, wato duk inda ka ga "an", "aka" ko "za a". A Markus 9:31 Yesu ya ce za a ba da Ɗan Mutum, wato shi kansa, a hannun mutane. Abin bayarwa ga shi, masu karɓa ga su, mai bayarwa fa? Nan take sabon jagora zai ce Yahuza, ya wuce. Dakata, ɗan'uwa. Rubuta alamar tambaya a gurbin, ka bi aikin gaba. A Markus 14:10 Yahuza ne ya ba da shi, a 15:1 manyan firistoci suka miƙa shi ga Bilatus, a 15:15 Bilatus ya miƙa shi a gicciye. Romawa 8:32 ta ce Allah ne ya ba da Ɗansa, Galatiyawa 2:20 kuma ta ce Ɗan ne ya ba da kansa. A Helenanci aikatau ɗaya ne a duk wuraren nan, masu yi biyar. Wanda ya cike gurbin da gaggawa ya zubar da huɗu.

Ni ba na yarda a buɗe littafin sharhi kafin an gama wannan.

Daga nan ka duba fassarar Louis Segond ta Faransanci ko gurabenta sun dace da na Hausa, ka rubuta sakamakon a jimla ɗaya, ka kai wa ƙungiya ranar nazari.