Yadda za ka sa yaro ya gane manyan yankunan halittu na duniya ba da hadda ba

Ina yi wa ƴan lakwal darasi da marece a nan Tahoua, kuma duk shekara abu guda nake gani, yaro ya jero maka tundura, taiga, sabana kamar karatun allo, ka ce to nuna min a taswira sai ya kama susar ƙeya.

Rufe littafin tukuna. Tambaya biyu ce kawai: ruwan sama nawa ke sauka a wurin, sannan zafi ake yi ko sanyi. Sai ka ɗora shi a mota da baki, daga Arlit har Gaya. Arlit hamada ce. Nan Tahoua ruwa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, shi ya sa aduwa da bagaruwa ke tsaye nesa da juna. Gaya kuwa wajen 800 ne, ga ɗorawa ga ciyawa ta kai ƙugu, wannan ita ce sabana. Ya ci gaba kudu har kurmin Kongo, wanda ɗan uwansa shi ne Amazon inda ruwa ke haura 2000.

Kar ka sayi gulob, wato ƙwallon taswirar duniya, tsada gare shi a banza. Tsohuwar ƙwallo da biro sun isa, ka ja layi a tsakiya ya raba duniya arewa da kudu.

Inda yara ke faɗuwa kullum hamada ce, don sun ɗauka rairayi ne da rana. A'a, ƙarancin ruwa ne, ƙasa da milimita 250 a shekara. Ita kanta Sahara mafi yawanta dutse ne da tsakuwa, Gobi ta Mongoliya da Sin sanyinta kisa yake, Antatika ma hamada ce. Wani yaro ya ce min malam, ba ta yiwuwa, wuri cike da ƙanƙara? Muka yi ta ja, ƙarshe na aika aka sayo ƙanƙara ta dala goma, kafin mu gama gardama ta narke a faranti. Na ce masa a can wadda ta sauka ko kaɗan ce ba ta narkewa, taruwa take shekara dubbai. Sai ya yi tsit. Ka ba wannan matakin kwana biyu, ban yarda da ƙasa da haka ba.

Arewa kuma da sauƙi. Daji irin na Faransa ganye na zuba lokacin sanyi, gawonmu dai da damina yake zubar da nasa, kwatancen na kama su. Gaba taiga, dajin ƙasashen sanyi na Rasha da Kanada, gaba tundura inda ƙasa ke daskare, itace ba ya fita.

Ruwa kashi biyu ne, na daɗi da na gishiri. Tabkin Tabalak, kogin Kwara da tabkin Cadi na daɗi ne. Teku ta rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na duniya, yaran nan ba su taɓa ganinta ba, don haka zuba gishiri a kofi su ɗanɗana. Inda Kwara ke shiga teku a Najeriya ruwan biyu na gauraya, murjanin Ostireliya kuma nuna masu hoto a waya kawai.