Yadda ake ciyar da ƴar kififiya a gida

Wadda muke kiwo a gidanmu na unguwar Nima a Accra irin mai jan zane ce a bayan ido. Asalinta daga Amurka take, ƙoƙon bayanta kore, cikinta rawaya. Ga yadda nake mata kullum da hantsi:

1. Tun daren jiya ka tari ruwan famfo a bokiti, ka bar shi a buɗe ya kwana, sinadarin kulorin ya ragu.

2. Ka zuba ruwan a wata roba daban, daidai yadda zai rufe bayanta, ka saka ta ciki. A cikin ruwa take haɗiya, shi ya sa ba a ajiye mata abinci a tudu.

3. Ka ba ta abin da bai wuce girman kanta ba: tana, gyare ko ɗan yankan ɗanyen kifi, da ganyen latas kaɗan. Ƙarama ta fi son nama, sai ta girma take karkata ga ganye. Don Allah kar a ba ta koobi, wato busasshen kifi mai gishiri, gishirinsa ya yi mata yawa. Haka ma kar a ba ta ɗanyen kontomire, wato ganyen gwaza. Yara kan so jefa mata burodi, a hana su.

4. Bayan minti 15 ka mai da ita mazauninta. Za ka ga ta haye dutsenta ta miƙe ƙafafun baya tana shan hantsi, motsi kaɗan ta faɗa ruwa tsulum. Hasken ranar nan ne ke ƙarfafa ƙoƙonta, amma a bar mata gefen inuwa.

5. Ka zubar da ruwan nesa da kwanukan abinci, ka wanke hannu da sabulu, domin tana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.